Gyatsar saniya da ƴaƴan gawo: tambayoyi da amsoshi kan rage iskar metan

Tun da aka fara jin labari a rediyo cewa shanu na da hannu a ɗumamar duniya, da wuya in zauna da masu kiwo a Tawa ko Abalak ko Badagishiri ba tare da wani ya tayar da maganar ba. Wani da fushi yake tambaya, wani neman sani yake, wani kuwa so yake ya ji ko akwai abin samu a ciki. Aikina ciyar da bisashe ne, shi ya sa na tattara tambayoyin da suka fi dawowa in amsa su a wuri guda.

Mece ce iskar metan, kuma ta ina take fita daga jikin saniya?

Iska ce marar launi marar wari, mai kamawa da wuta. Cikin saniya ɗaki huɗu gare shi, mafi girmansu shi ne tumbi, wanda a babbar saniya yakan ɗauki fiye da lita 100. Saniya da kanta ba ta iya narkar da kara ko busasshiyar ciyawa. Ƙananan halittun da ke zaune cikin tumbinta, waɗanda ido ba ya gani, su ke ruɓar da abincin su mayar da shi abin da jiki zai sha. Cikin wannan aiki sai iskar haidirojin da iskar kabon su taru. Akwai wani jinsi na halittun, masana na kiransu arkiya, abincinsu ke nan: su haɗa iskokin nan biyu su fitar da metan. Saniya kuma ta yi gyatsa ta fitar. Mutane da yawa suna zaton ta baya take fita, alhali fiye da kashi 90 cikin 100 ta baki da hanci ne, musamman lokacin da dabba ta kwanta tana tuƙa.

To, ina ruwan mai kiwo da iskar da ba ya gani?

Ruwansa da tsaki, domin metan abinci ne da ya gudu. Awon da aka daɗe ana yi ya nuna cewa tsakanin kashi 2 zuwa 12 cikin 100 na ƙarfin da ke cikin abincin saniya yana salwanta ta wannan hanya, kuma asarar ta fi yawa idan abincin mai tauri ne marar daɗi. Ka tuna abin da shanunmu ke ci daga watan 3 zuwa watan 6: karan hatsi da rana ta ƙone, da ragowar ciyawar da iska ta kaɗe. Irin wannan abinci yana daɗewa cikin tumbi, yana ba da metan mai yawa kan kowane kilo da ya narke, ga shi ba ya ba da nono. Damin karan da ka saya da tsada a bazara, wani yanki nasa sama ya tafi. Ni ta nan nake shiga maganar, tun kafin a kai ga batun yanayi.

Masu masana'antu ne suka ɓata duniya. Don me za a ɗora wa saniyar talaka laifi?

Wani dattijo ya yi mini wannan tambaya a kasuwar dabbobi ta Tawa, ransa a ɓace, na ce masa: Baba, kana da gaskiya a rabi mafi girma. Hukumar Abinci da Noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta a 2013 cewa kiwo baki ɗaya, daga noman abincin dabba har kai nama kasuwa, shi ke da kashi 14.5 cikin 100 na iskokin da ɗan Adam ke fitarwa masu ɗumama duniya, kuma kusan kashi biyu cikin biyar na wannan daga narkar da abinci ne cikin tumbi. Ita metan ba ta daɗewa a sama, kamar shekara 12 take yi, amma tana da zafin riƙo: cikin shekara 20 tana riƙe zafi kusan ninki 80 na iskar kabon, cikin shekara 100 kuwa kusan ninki 28. Dalilin ke nan da a taron Gilasgo na 2021 ƙasashe fiye da 100 suka yi alkawarin rage ta da kashi 30 cikin 100 kafin 2030.

Amma shanu ba ɗaya suke ba. A lissafin kwamitin masana yanayi na duniya na 2006, saniyar nono ta Turai ta Yamma ko Amurka ta Arewa tana fitar da fiye da kilo 100 na metan a shekara, shanun Afirka da ba na nono ba kuwa an sa musu kilo 31. Sannan a yankin Ferlo na Senegal, wanda ya yi kama da arewacinmu, masu bincike sun bi shekara guda suna lissafa abin da dabbobi ke fitarwa da abin da itatuwa da ƙasa ke shanyewa, suka tarar lissafin ya kusan tashi babu ci babu bashi. Saboda haka ba na yarda a ce wa makiyayin Azawak ya rage garkensa don a ceci duniya. Abin da nake cewa shi ne, idan akwai hanyar da saniyarsa za ta fi ƙoshi, kuma iskar ta ragu, babu dalilin ƙin ta.

An ce akwai ƙarin abinci daga tsirrai da ke rage metan. Me ake nufi?

Ana nufin ɗan abin da ake zubawa cikin abincin dabba, daga ganye ko ƴaƴan itace ko iri ko mai, don ya canza yadda tumbi ke aiki. Wasu suna da bauri, wasu suna kumfa, wasu mai ne, wasu ƙamshi ne mai ƙarfi kamar tafarnuwa da kanumfari. Sai kuma ciyawar teku, wadda labarinta daban ne. Kowanne da inda yake kama: wani yana rage arkiyar kanta, wani yana rage halittun da ke ba ta haidirojin, wani yana rage yawan abin da ke ruɓewa.

Bauri fa? Ashe abin da ke cikin bagaruwa yana da amfani ga tumbi?

Nan ne maganar ta fi shafarmu. Sinadarin da ke sa bagaruwa bauri, wanda majema ke jiƙa fata da shi, sunansa tanin. Duk wanda ya ga yadda ruwan bagaruwa ke kama ɗanyar fata ya hana ta ruɓewa ya riga ya fahimci aikinsa, domin tanin kama furotin, wato sinadarin gina jiki, yake ya ɗaure. Cikin tumbi ma haka yake yi. Yana takura wa arkiya da halittun da ke taimaka mata, sai metan ta ragu. Yana kuma ɗaure wani sashe na furotin ɗin abinci ya hana shi lalacewa a tumbi, sai ya wuce gaba inda jiki zai sha shi kai tsaye. Ga shi kuma an ga yana rage ƙarfin tsutsar ciki a tumaki da awaki, yana rage haɗarin kumburin ciki.

A ƙasashen waje ana tatso tanin daga ɓawon wasu itatuwa a mayar da shi gari a sayar. Mu kuwa Allah ya shuka mana shi a gona da daji. Ƴaƴan gawo, ko ɗiyan gawo kamar yadda muke faɗa a nan, da ƴaƴan kalgo, da na kandili, da ganyen magarya da sabara da taramniya, duk suna ɗauke da shi, kowanne da gwargwadonsa. Gawo shi ne sarki a wurina. Yana zubar da ganye da damina, ya yi kore da rani, ƴaƴansa kuma su faɗo daidai lokacin da ciyawa ta ƙare. Suna da furotin da kara ba shi da shi, baurinsu bai kai na bagaruwa ba, dabba kuma na cin su da marmari. Cibiyar binciken noma ta ƙasa, INRAN, ta daɗe tana koyar da haɗa dunƙulen abincin dabba da niƙaƙƙen kara, dusa, ƴaƴan gawo, gishiri da sauransu. An yi shi ne don tsallake bazara, amma shi ne irin haɗin da ke amsa tambayar metan.

Akwai abin da ya kamata a sani. Sakamakon tanin ba ya tsayawa wuri ɗaya. A wani gwaji metan ta ragu sosai, a wani kaɗan, a wani kuwa ta ragu ne kawai saboda dabbar ta kasa narkar da abincinta, wanda wannan asara ce. Irin itacen, lokacin da aka tsinko, har ƙasar da ya tsiro a kai, duk suna canza ƙarfin baurin.

Nawa zan ba saniyata?

Ma'aunin da masana suka fi yarda da shi: tanin ya tsaya tsakanin kashi 2 zuwa 4 cikin 100 na busasshen abincin da dabba ke ci a yini. Idan ya haura kashi 5 sai matsala ta fara, dabba ta rage ci, kashinta ya bushe, ta soma ramewa. Tun da ba wanda ke da ma'aunin tanin a gida, sai a bi ta ido da hankali. Ƴaƴan gawo da na kalgo su zama ƙari a kan kara da harawa, kada su zama su ne abincin. A fara da ɗan kaɗan, a riƙa ƙarawa cikin mako biyu, domin halittun tumbi na buƙatar lokaci kafin su saba. A niƙa su ko a daka, don ƙwayar da ke ciki tana da tauri, in ba a fasa ba fita take yadda ta shiga.

Bagaruwa kuwa a yi mata taka-tsantsan na musamman. Baurinta ya yi ƙarfi, kuma irin tanin ɗinta idan ya yi yawa yana iya taɓa hanta da ƙoda. Ba na ba da shawarar a ba saniya mai ciki ko ɗan maraƙi. Na san masu jiƙa ƴaƴan itace cikin ruwan toka don kashe bauri, kuma dabarar tana aiki, sai dai duk baurin da ka kashe ka kashe aikinsa kan metan tare da shi.

An ce aduwa ma tana ciki?

Aduwa tana da sinadarin kumfa, safonin, shi ya sa kakanninmu ke wanki da ɓawonta da saiwarta. Safonin yana fasa jikin wasu halittun tumbi masu ɗan girma da ake kira furotozowa, waɗanda arkiya ke maƙalewa a jikinsu tana cin haidirojin ɗin da suke fitarwa. In sun ragu, metan takan ragu. Yawancin gwajin an yi shi ne da wasu tsirran Amurka da ƙwayar itacen shayi, kuma sau da yawa bayan ƴan makonni tumbi yakan koyi narkar da safonin, aikin ya yi sanyi. Dabba ta ci ganyen aduwa da ƴaƴanta kamar yadda ta saba, wannan ba laifi. Amma kada kowa ya dafa saiwa ya ɗura wa saniya.

Gurya da tunkuza, su ma suna ragewa?

Suna ragewa, kuma a cikin abubuwan da ke hannunmu, mai ne hujjarsa ta fi ƙarfi. Mai ba ya ruɓewa cikin tumbi ya ba da haidirojin kamar yadda ciyawa ke yi, kuma yana danne arkiya da furotozowa. Idan aka tattara gwaje-gwaje da dama, duk ƙarin kashi 1 cikin 100 na mai a abinci yana rage metan da kamar kashi 4 zuwa 5. Guryar auduga tana da mai da furotin tare, haka tunkuzar gyaɗa da matanmu ke samu bayan tatsar mai, haka ragowar riɗi. Masu turka sun san ƙarfinsu tun ba yau ba.

Iyakarsa a fili take: duka man da ke cikin abinci kada ya wuce kashi 6 zuwa 7 cikin 100. In ya wuce, yana lulluɓe kara ya hana shi narkewa, dabba ta yi zawo ta ƙi ci. Gurya kuma tana da wani sinadari, gosifol, da ke cutar da maraƙin da tumbinsa bai gama girma ba, kuma in ya yi yawa yana rage ƙarfin haihuwar bijimi. Sai tunkuzar da ta yi funfuna: a zubar da ita. Dafin funfunar gyaɗa yana ratsawa har cikin nono, yara ne kuma ke shan nonon.

Na ji ana sayar da garin tafarnuwa da lemu na shanu. Gaskiya ne?

Gaskiya ne. Akwai Mootral, wanda aka haɗa daga tafarnuwa da sinadarin wani lemu mai ɗaci, akwai kuma Agolin, haɗin mayukan ƙamshi na tsirrai da aka fara yi a Siwizalan. Na biyun, gwaje-gwajen da aka tattara sun nuna ragin da ya kusan kashi 10 cikin 100 idan an daɗe ana ba saniya. Tafarnuwa tana nuna ƙarfi sosai cikin kwalbar ɗakin gwaji, amma a jikin saniya mai rai sakamakon yakan sauka, yakan kuma bambanta daga garke zuwa garke. Mu da ke da albasar Galmi da lambuna a Madawa da Ƙonni, tunanin farko shi ne a daka tafarnuwa a zuba. Ban ga riba a nan ba. Tafarnuwa ta fi daraja a kasuwa, warinta na iya shiga nono, kuma albasa da danginta idan shanu suka ci da yawa suna fasa musu jajayen ƙwayoyin jini. Masu zuba wa shanu ruɓaɓɓiyar albasa bayan girbi su kula da wannan.

Ciyawar tekun da ake ta yayatawa fa?

Ita ce ta fi kowa ƙarfi. Jar gansakuka ce mai suna Asparagopsis, tana tsirowa a ruwan teku mai ɗumi, tana ɗauke da sinadarin buromofom wanda ke toshe matakin ƙarshe na haɗa metan. Masu bincike a Ostireliya ne suka fito da ita fili. A 2021 ayarin Farfesa Ermias Kebreab, ɗan asalin Eritiriya da ke jami'ar Kalifoniya a Debis, ya ciyar da bijiman turka da ita kusan wata biyar, metan ta ragu har kashi 82 cikin 100, da ɗan abin da bai kai kashi 1 cikin 100 na abincinsu ba.

Sai dai mu duba inda muke. Nijar ba ta da teku, kayanmu sai sun yi tafiyar kilomita fiye da 1000 daga tashar jirgin ruwa kafin su iso. Noman gansakukar yana da tsada, buromofom kuma yana gudu idan zafi ya buge shi, ka tuna zafin Tawa a watan 4. Ana kuma ci gaba da bin diddigin abin da ke shiga nono, musamman sinadarin aidin, da lafiyar bangon tumbi idan an daɗe ana ci. Ga saniyar Adar a yau, wannan labari ne na nesa.

Ƙarin abincin shanun nan mai suna Bovaer, shi ma daga tsirrai yake?

A'a, a masana'anta ake haɗa shi. Tarayyar Turai ta amince da shi a 2022, kuma yana rage metan da kamar kashi 30 cikin 100 a shanun nono. Na kawo shi ne don ana yawan gwama su.

Shanuna suna tafiya arewa da damina har Ingal. Ta yaya zan ba su wani ƙari kullum?

Wannan ita ce tambayar da masu sayar da waɗannan kaya ba su cika amsawa ba. Kusan dukansu an tsara su ne don saniyar da ke ɗaure, ana auna mata abinci safe da yamma. Yawancinsu aikinsu na ƴan sa'o'i ne, dole su kasance cikin tumbi a kai a kai. Garken da ya bar Adar ya haura ta Abalak zuwa ƙasar gishiri, yana kwana inda dare ya yi masa, ba wanda zai bi shi da cokali.

Amma tafiyar kanta tana yin wani sashe na aikin. Makiyayi yana bin ɗanyar ciyawa ne, ita kuwa ta fi saurin narkewa, ta fi ba da nono. A hanya dabbobi na tsinkar ganyen itatuwa masu bauri da kansu. Saboda haka ga mai irin wannan kiwo, abin da ya fi kowane gari amfani shi ne burtali a buɗe, rijiya mai ruwa, da daji mai itace. Dokar 1961 ta shata iyakar noma ta arewa, dokar kiwo ta 2010 kuma ta amince da ƴancin wannan tafiya, kuma duk gonar da ta cinye burtali tana tilasta wa garke tsayawa kan busasshen kara. Inda ƙarin abinci zai shiga shi ne wajen shanun tatsa da ake bari a gida, da na turka, da garken da ya dawo ya zauna da rani.

Idan na ƙara wa saniya abinci mai kyau, ba ƙara gyatsa za ta yi ba?

Za ta iya ƙarawa a yini, ba zan ɓoye ba. Saniyar da ta ci da yawa tana fitar da metan da yawa. Amma a raba da abin da ta bayar. Saniyar da ke ba da lita ɗaya tana kashe kusan duk abincinta wajen riƙe rai, duk metan ɗinta kuma a kan litar nan guda yake. In ta koma lita uku, metan ɗin kowace lita ya faɗi ƙwarai. Haka bijimin da ya isa yanka da wuri ya rage watannin da zai yi yana gyatsa. Irin Azawak, wanda aka daɗe ana kyautatawa a tashar Tukunus kusa da Filinge, ya shahara da nono a duk yankin Sahel, kuma abin da ya fi hana shi nuna kansa a gidajenmu yunwar rani ce. Harawar wake da ta gyaɗa, ganyen zogale, dusa, allurar rigakafi da maganin tsutsa a kan lokaci, duk suna cikin lissafin nan ko da ba a rubuta metan a jikin buhunsu ba.

Nono da nama za su lalace? Cukun da muke yi zai canza?

Da gawo, kalgo, gurya da harawa a gwargwado, babu abin da zai same su, abincin da shanunmu suka gada ne. Mai in ya yi yawa yakan rage maiƙon nono, masu cuku za su fara lura. Duk wani gari ko ruwa da aka kawo daga waje, a nemi ganin izinin hukumar kiwo kafin a saya.

Kanwa da gishirin lasa suna rage metan?

Ba sa cikin abubuwan da ke rage ta kai tsaye. A ci gaba da ba da su don amfanin da aka san su da shi: suna buɗe wa dabba ci, suna cike gurbin abin da kara ya rasa.

Tumaki, awaki da raƙuma fa?

Tunkiya da akuya suna tuƙa, suna fitar da metan, kamar kilo 5 kowacce a shekara a lissafin nan na 2006. Akuya ta fi saniya jure bauri nesa ba kusa ba, don haka kada a auna wa saniya da ma'aunin akuya. Raƙumi yana fitarwa, amma in an kwatanta da nauyinsa bai kai saniya ba, saboda cinsa kaɗan ne. Jaki da doki ba su da tumbi irin na masu tuƙa, nasu ƙalilan ne.

Ta yaya ake auna iskar da ba a gani?

Hanya mafi inganci ita ce a sa dabba cikin ɗaki rufaffe na kwana biyu ko uku ana auna iskar da ke shiga da mai fita. Cibiyar binciken dabbobi ta ILRI da ke Nairobi tana da irin waɗannan ɗakuna. Akwai na'urar GreenFeed, kamar akwati mai ɗan abinci, dabba ta cusa kai ta ci, na'urar ta auna numfashinta. An yi aiki da ita kan shanun Fulani a cibiyar CIRDES ta Bobo Julaso. Mafi arha ita ce ta kwalba: a ɗebo ruwan tumbi, a zuba garin ganyen da ake son gwadawa, a auna iskar da ta taso. Da ita ake tantance tsirrai, amma abin da kwalba ta nuna sau da yawa ya fi abin da saniya za ta nuna. Duk wanda ya kawo maka adadi, tambaye shi: a kwalba ne ko a dabba, kuma kwana nawa? Burina shi ne ɗalibanmu na Jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai da Jami'ar Jibo Hamani ta Tawa su samu kayan auna gawo da kalgo a jikin Azawak da Bororo, da abincinmu, da zafinmu.

An ce ana biyan kuɗi idan an rage iskar. Ta ina za mu shiga?

A wasu ƙasashe kamfanoni na sayen shaidar ragin iska daga manyan gidajen kiwo. Kafin a biya sai an san yawan dabbobi, abin da kowacce ta ci, tsawon lokacin, sannan wani mai zaman kansa ya tabbatar. Wannan aiki yana cin kuɗi, shi ya sa mai shanu goma ba ya iya shiga shi kaɗai sai ta ƙungiya. Wanda ya zo ya ce ka biya kuɗin rajista yau don a turo maka kuɗin iska gobe, riƙe kuɗinka ka je ofishin kiwo na garinku ka tambaya.

Idan kowa ya faɗa wa gawo da kalgo, ba za mu ƙarar da su ba?

Wannan tana damuna ƙwarai. Ƴaƴan gawo sun riga sun zama haja, ana cika buhuna ana kai wa birni, har wasu na kaɗe su tun suna ɗanye, wasu na sassare rassa har itacen ya kasa yin ƴaƴa baɗi. Akwai kuma abin da mutane ba su lura ba: ƙwayar da ta bi ta cikin dabba ta fita cikin kashi ita ce ta fi saurin tsirowa. In mun niƙa duka, mun katse hanyar da gawo ke yaɗuwa. A niƙa na gida, a bar wa na daji rabonsu.

Mun kuwa san yadda ake mayar da itace. Daga shekarun 1980 manoman Maraɗi da Damagaram da nan Tawa suka koma barin tohon da ya fito a gona suna gyara shi, har aka ƙiyasta itatuwa kusan miliyan 200 a kan hekta miliyan 5. Aikin Keita da aka fara a 1984 ya nuna cewa ko fako mai duwatsu yana karɓar itace idan an tare masa ruwa, kuma mata ne suka ɗauki mafi yawan duwatsun nan a ka.

Ina da shanun tatsa biyu a gida cikin garin Tawa. Me zan yi a ranin nan?

Hajiya, ki sayi harawa da kara tun da kaka, kafin su yi tsada, ki adana su a inuwa a kan rumfa, domin harawar da rana ta mayar fara ta rasa rabin daɗinta. Ki sa a yayyanka karan ko a niƙa, kada a watsa shi a ƙasa su tattake. Da safe ki haɗa dusa da ɗan niƙaƙƙen gawo da gurya ko tunkuza mai tsabta, ki fara da kaɗan ki riƙa ƙarawa cikin mako biyu, harawar kuwa ki raba ta safe da yamma. Ruwa kada ya yanke, gishiri yana gefe. Ki riƙa duba abu uku: yadda suke cinye abin da aka zuba, laushin kashinsu, da yawan nonon da ke shiga ƙwarya. In kashi ya bushe ya yi baƙi, ki rage gawo. In ya yi ruwa yana ƙyalli, ki rage gurya. In saniya ta daina tuƙa yini guda, ki kira likitan dabbobi a ranar.